Ƙanƙarar da Kawu Ya Yi Mana Alkawari

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu. Ranar da aka kai shi makwancinsa ƙofar gida ta kasa ɗaukar mutane. Gidansa da namu zana ɗaya ce ta raba, don haka zaman makokin ya haɗe ƙofofin biyu. Bazara ce, irin wadda ko kaji ba sa fita yawo, amma aka shimfiɗa tabarmi tun daga gindin dogon yaro har bakin masallaci. An zo daga Tabotaki, an zo daga Buza da Madawa, har da wasu ƙauyukan Keita da ban taɓa jin sunansu ba, inda aka riƙa jefa shi aiki a shekarunsa na ƙarshe.

Kowa da irin kukansa. Wani soja, ƙato, ya shigo cikin gida ya durƙusa gaban Inna, wato mahaifiyata, yayar mamacin. Ya buɗe baki zai yi gaisuwa, murya ta ƙi fita, ya tashi ya koma bayan rumbu ya yi kukan da zai yi. Wata mai tuyar ƙosai a tashar Buza ta ce ita har yau in ta ga gumi a murfin tukunya sai ta tuna shi. Liman ya ce, “Mutum na da bai taɓa raina tambaya ba, ko ta yaro ko ta mahaukaci.” Wani direban kamyo, babbar motar kaya, da ya shigo gai da mata ya zauna yana ta dariya shi kaɗai, hawaye na zuba. Aka tambaye shi ko lafiya, ya ce, “Randar tsohuwa nit tuna.” Duk wadda ta yi lakkol, wato makarantar boko, a garinmu ta gane, dariya ta kufce mana, tsofaffi suka harare mu. Inna ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Tana ta kai da kawo da ƙore, idonta a bushe.

Mutum ɗaya ne bai ce komai ba. Baba, mahaifina, yana zaune a tabarmar karɓar gaisuwa, inda ya kamata mijin yaya ya zauna, da babbar rigarsa fara. In an yi addu'a ya shafa, in an ce Allah ya ba da haƙuri ya ce amin. Amma kalma ɗaya a kan Kawu, mai daɗi ko marar daɗi, ba ta fito daga bakinsa ba. Na yi ta leƙensa ta kafar zana har wuyana ya ƙage. Inna ma shi take sauraro, ko da take yi kamar aiki ne ya sha mata kai. Mu biyu mun san abin da muke jira. Shekara da shekaru akwai wata magana tsakanin mutanen nan biyu, Kawu ya mutu yana jiran a warware ta, mu kuma muna so mu san ko Baba ya yafe masa.

Shi ya sa na zauna rubuta wannan. Yaran yanzu za su ji an ce an taɓa yin wani malami a garin nan, su ce to, su ci gaba da wasansu. Ni ban yarda ya zama “wani malami” ba.

Kawu autan Kaka ne. Siriri, da manyan kunnuwa, tafiyarsa kullum kamar an aike shi ɗebo wuta. Tun Kawu yana yaro Baba ya auri Inna, don haka da wasan nan da ke tsakanin mutum da ƙanin matarsa ya tashi. In kun san Adarawa kun san ba a yin wasan nan da tausayi. Baba ba ya iya ganin Kawu ya gilma bai tsokane shi ba: kunnuwansa, ƙafafunsa, wandonsa na 'yan boko da ke tsayawa a ƙwauri. Shi ma Kawu ba kanwar lasa ba ne, ya kan ce hauyar Baba ta fi Baba ilmi, tun da ita ta san inda za ta tsaya. Haka za su yi ta yi har Inna ta fito da muciya ta ce su tashi mata daga ƙofar ɗaki. Kwano ɗaya suke cin tuwo.

Ban daɗe da shiga lakkol ba aka kawo akwatin. Gwamnati ce ta raba wa wasu makarantun ƙauye talabijin, a riƙa koyar da yara daga Yamai. Aka kafa dogon ƙarfe bisa rufin ajinmu, aka jera wasu baƙaƙen farantai masu shan rana, aka ɗora akwatin a kan dogon tebur. Kawu aka kai horo, aka dawo da shi ya riƙe ajin. Ranar da aka fara kunnawa rabin gari ya zo. Wata mace ta fito cikin gilashin, fari da baƙi, ta gaishe mu da Faransanci, sai Kaka da ke tsaye a taga ta amsa mata da Hausa, har da tambayar gajiyar hanya. Gidan su Kaka ba su daɗe da barin tsafin iyaye ba, a wurinta abu mai magana ba jiki ba sabon abu ba ne. Abin da ta sani shi ne ba a ƙin amsa masa gaisuwa.

Baba ma ya leƙa. Ya ga akwati na ta zuba, Kawu na tsaye a gefe da hannu a baya. Da aka zauna cin tuwo ya ce, “To kai mi kaka yi can? Akwati ka karantarwa, kai kana tsaye kana tsaron shi. Ashe yaron akwati munka samu.” Sunan ya bi shi. Yaron Akwati, zo ka ci tuwo. Yaron Akwati, maigidanka ya tashi lahiya? Kawu kan ce, “Ya tashi, shina gaishe ka. Ya ce yaushe za ka zo ka koyi ƙirga awakinka.”

Gaskiya akwatin ya iya koyarwa. A cikinsa na fara ganin yadda iri ke tsagewa ƙarƙashin ƙasa ya fitar da saiwa kafin ganye, da yadda jini ke zagaya jikin mutum, da teku. Sai dai darasin gajere ne, kuma akwati ba ya jiran kowa. In ka yi atishawa an wuce ka. Wani lokaci iska ta juya ƙarfen, hoto ya watse, matar na magana ba a ganinta. Daga nan aikin Kawu ke farawa. Ya kashe, ya lulluɓe akwatin da wani tsohon zanen Inna, ya tafa hannu ya ce, “Akwati ya hwaɗi. Mu tahi mu taɓa.” Duk wanda ya zauna a ajinsa, ko daga barci ka tashe shi, zai maimaita maka wannan magana.

Sai mu fita. Mun shuka wake cikin gwangwanayen tumatir, wasu a rana wasu ƙarƙashin ƙwarya, mu ga wanne zai yi kore wanne zai yi fari ya langaɓe. Mun narka gishiri a ruwa mun shanya a faranti har gishirin ya dawo. Mun kafa sanda a fili muna bin inuwarta da tsakuwa. Ba ya yarda da hadda. In ka rero masa abin da matar akwati ta faɗa tiryan-tiryan, sai ya karkata kai ya ce, “Aku ma ya iya wanga. Kai mi kag gani?” Yana da fushi, ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba. In ya tambaye ka me ka gani ka ce ba komai, sai ya yi ta zagaya mu yana huci yana jan kunnen kansa. Amma bai taɓa ɗaga bulala ba. Ya ce hannun da aka doka ba ya ƙara son taɓa komai.

A cikin aji an hana Hausa, doka ce, Kawu kuma yana bin ta. Amma ya ce dokar a bakin ƙofa ta tsaya. Sojan nan da ya yi kuka a bayan rumbu, yana yaro in'ina gare shi, in aka ce ya yi Faransanci sai harshensa ya ɗaure, yara su yi ta ƙyalƙyala. Kawu bai taɓa tsayar da shi a gaban akwati ba. Sai mun fita ya miƙa masa gwangwanin wake ya ce, “Nuna muna da hannu, baki shi huta.” Yaron ya tono saiwa ya nuna, maganar ta biyo baya da kanta. Har Liman ya taɓa zuwa da tasa tambayar, ya ji an ce ana koya wa yara inda ruwan sama ke fitowa. Kawu ya yi masa bayanin rana da teku da girgije. Liman ya saurara har ƙarshe ya ce, “To ranar, wa yah hura ta?” Kawu ya ce, “Wagga tambaya taka ta, Malam. Ni tawa ta tsaya ga girgije.” Suka rabu kowa na murmushi.

Darasin da ya kayar da shi na ruwa ne. Matar akwati ta ce ruwa yana da hali uku: yana gudu, yana tashi tururi, yana daskarewa. Ta nuna tulu, ta nuna tukunya a wuta, sannan ta ɗauko wani farin dunƙule ta sa a faranti, muna kallo ya zama ruwa. Biyun farko Kawu ya gama da su kafin azahar. Ya aro tukunyar Kaka, ya tafasa ruwa, ya tara murfi a kan tururin, muka ga ɗigo na taruwa yana zubowa. Na ukun fa? Ya tambaye mu mene ne farin abin nan. Wani ya ce kanwa. Wani ya ce sukari ne, shi ya sa ya narke. Ni na ce sabulu ne, na kuma kafe a kai, don tun ina ƙarama ba na sakin magana. Ya ce ƙanƙara ce, ruwa ne da sanyi ya kama. Mun ji manya na labarin ƙanƙarar da ta taɓa sauka, amma mu da muka buɗe ido cikin shekarun fari, ruwan sama ma da ƙyar muka san shi. Muka ce, “Wi, Metir,” kamar yadda ake amsa wa malamin lakkol. Ya kalli fuskokinmu ya san ba wanda ya yarda. Ya dafa akwatin ya ce, “Na yi muku alkawali, sai na sa muku ita cikin hannu.”

Ya ji labarin wani mai kanti a Madawa da ke da firigo, injin sanyi mai aiki da kananzir. Da ɗari ya shigo ya hau kamyo ranar kasuwa, ya roƙi mutumin ya daskarar masa da ruwa cikin babban gwangwanin madara, ya kwana can. Da asuba ya sa dunƙulen cikin buhu, ya cika da ƙaiƙayi, ya naɗe da bargonsa, ya rungumo shi a bayan mota kan hanyar nan ta duwatsu mai kwance wa mutum haƙarƙari. Ya iso wajen azahar. Ya leƙa, ƙanƙara ta rage amma tana nan. Ya ajiye a ɗakin Kaka, ya ce mata abu ne mai sanyi, kada kowa ya taɓa, ya ruga tattaro mu. Ranar hutu ce, muna warwatse, wasu a rijiya wasu wajen kiwo.

Kaka ta zauna tana kallon ƙunshin, abin ya dame ta. Yaron nan ya ce abu mai sanyi ne, kuma ya ɗauki bargo ya rufe shi? Ita duk rayuwarta ta san bargo ɗumi yake sawa. Ta ce lalle boko ya cinye masa hankali. Ta kwance bargon, ta kakkaɓe ƙaiƙayin, ta wanke dunƙulen tas, ta nemi wurin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Ta jefa shi cikin 'yar randarta ta rufe da faifai.

Muka shigo a jere, Kawu a gaba yana ta kashedi kada a yi turereniya. Ya tarar da bargonsa a ninke. Kaka ta ce, tana washe baki, “Na gyara maka. Da ka bar ta cikin bargo da ta dahu.” Ya buɗe randa, ya zura hannu har kafaɗa, ya laluba, ya sake lalubawa. Ba komai sai ruwa.

Ina kallon fuskarsa, na ɗauka zai fashe. Ya tsaya da hannu cikin randa, ya dubi uwarsa, tana jiran a yaba mata. Sai ya zaro hannun ya ce, “Iya, kin kyauta. Miƙo ludayi.” Ya ɗebo ya sha, ya ce bai taɓa shan ruwa mai daɗin wannan ba. Ya ba mu ɗaya bayan ɗaya. Sanyin ya hau mini har goshi. Har Kaka ta koma ga Allah bai gaya mata abin da ta yi ba, mu ma ya hana mu.

Washegari ya mai da asarar darasi. Ya zuba ruwan zafi a ƙore biyu, ya rufe ɗaya da bargo. Ya zuba ruwan randa a wasu biyu ya ajiye a rana, ɗaya a rufe ɗaya a buɗe. Muka yi ta tsoma yatsu. “Bargo bai da wuta,” in ji shi. “Abin da yat tarar shi shika tsarewa. In ɗumi na, ɗumi. In sanyi na, sanyi.” Da labari ya kai wa Baba, dariya har da riƙe ciki. Ya kwana biyu yana bin Kawu da bargo da tsakar rana yana cewa, “Yaron Akwati, zo in ruhe ka ka sha sanyi.” Ya ce shi ba wanda zai gaya masa bargo na tsare sanyi, ko daga Yamai aka aiko.

Daminar da ta biyo ita ce ta farko mai albarka bayan fari. Baba ya noma gonarsa ta gangaren dutse kamar ransa zai fita. Hatsi ya yi kai, ya fara ɗaukar ido. Da yamma ya kan je ya tsaya kawai yana kallo. Rumbunmu ya daɗe ba kowa a ciki sai ɓeraye, su ma sun gaji sun ƙaura. Ƙanena lokacin yana goye a bayan Inna.

Wata la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, da wata iska mai sanyi da ba mu saba ji ba. Aka fara ruwa, sai muka ji rufin kwanon lakkol na ƙara kamar ana jifa. Fararen tsakuwoyi ke faɗowa suna tsalle a ƙasa. Lakkol na hutu, amma sai ga Kawu ya fito a guje ba takalmi, da tasa a ka, yana bin lungu yana kiran sunayenmu. “Ku hito! Ga ta nan! Ku ɗauko ƙore!” Muka fito. Tana dukanmu a ka muna ihu muna tsinta. Ya kama hannuna ya buɗe, ya zuba mini 'yan ƙwayoyi, ya rufe yatsuna a kai. “Riƙe. Kak ki saki. Mi kika ji?” Na ce tana cizo. “Buɗe. Mi kig gani?” Na buɗe, ruwa na bin tsakanin yatsuna. Ba sabulu ba ne. Kawu ya ɗaga hannu sama yana dariya, ruwa na kwarara a fuskarsa. Ban taɓa ganin mutum cikin farin ciki irin wannan ba, har yau kuma ban sake gani ba.

A haka Baba ya same mu. Daga gona yake, a cikinta ya tsaya har aka gama. Rigarsa ta manne a jiki, goshinsa na jini, a hannunsa zangarniya ɗaya da ƙanƙara ta farfasa. Gonar duka ta kwanta. Kawu bai lura da zangarniyar ba. Ya nufe shi da tasa cike, yana haki, ya ce, “Yaya, taɓa ka ji! Ruwa na, wallahi ruwa na!”

Baba ya kalli tasar. Ya kalle ni, da ƙwarya a hannu da dariya a baki. Ya ce a hankali, “Sannu da aiki, Metir.” Ya wuce.

Tun daga ranar bai sake kiransa Yaron Akwati ba. Wanda bai san mu ba zai ce ai girmama shi ya yi. Ba zagi, ba gaba. In sun haɗu Baba ya tsaya ya yi masa cikakkiyar gaisuwa, ina kwana Metir, ina aiki, ina gajiya, kamar baƙon da ya sauko daga mota. Ya sa aka riƙa zuba wa Kawu tuwonsa daban a kwano mai murfi. A wajenmu in mijin yayarka ya daina tsokanarka, ya cire ka daga gida ke nan, sai dai bai ce ka fita ba.

Kawu ya gane tun a ranar. Ya je ya ga gonar, ya zauna a kan dutse ya daɗe. Ya zo ya durƙusa ya ba da haƙuri. Baba ya ce, “Ba ka yi man komi ba, Metir. Kai kas sauko da ita?” Ya roƙi Liman ya sa baki, amsar ke nan. Wa zai sasanta mutanen da ke gaisawa kullum?

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da ya huce. Amma rumbu ya zauna wayam, dole Baba ya tafi cin rani kudu, abin da ya taɓa rantsewa ba zai ƙara ba. Yana can ƙyanda ta shigo gari, ta tarar da yara ba ƙarfi, ta ɗauki ƙanena. Kawu ne ya saɓa shi a kafaɗa zuwa gidan likita a Buza, shi ya dawo da shi, shi ya sa shi a rami. Hatsin da muka ci a ranin nan ma daga wajensa ya fito. Baba ya dawo ya ji duka, ya taka har ɗakinsa ya ce, “Mun gode, Metir. Allah shi saka.” Na ga Kawu bayan fitarsa, ya kifa kai a gwiwa. Baba ya san ba Kawu ya kashe masa hatsi ba, balle ɗa. Amma duk lokacin da ya tuna shekarar, abin da ke fara zuwa masa shi ne mutum na dariya da tasa a hannu, ya kuma kasa raba wannan da wancan.

Kawu bai daina gwadawa ba. Ya kan sa wandonsa da ya fi gajarta ya zo ya yi ta gilmawa gaban Baba. Ya taɓa aske kansa ƙwal don kunnuwan su ƙara fitowa. Ya kan jefa tsokana, “Yaya, hauyarka ta kawo ƙara, ta ce ka bar ta ta huta.” Baba ya ce, “Madalla, Metir.” Inna ta tashi ta shige ɗaki. Da na girma na taɓa yi wa Baba tsiwa, na ce wannan ladabin nasa ya fi mari zafi. Ya ce in je in ɗebo masa ruwa.

Bayan wasu shekaru aka daina darasin akwati. Ba wanda ya zo ya yi mana bayani, wata rana dai aka kunna ba kowa a ciki. Akwatin ya zauna a kusurwar aji da zanen Inna a kansa har kaza ta sami wurin ƙwai a bayansa. Aka mai da Kawu malamin alli da allo, aka riƙa jefa shi ƙauye-ƙauye. Ya ce shi bai rasa komai ba, da ma rabin aikin a waje yake. Amma na san yana kewar matar nan, ya kan ce ita kaɗai ce abokiyar aikin da ba ta taɓa makara ba. Ni na ci gaba da karatu har na zama mai allurar rigakafi. Yanzu garuruwa nake bi da akwatin sanyi a kafaɗa, ƙanƙara a ciki, na naɗe shi da bargo. In mata suka ce, “Ke ko, kin ruhe abin sanyi da bargo?” sai in tuna maganarsa, in rasa ko amsa zan ba su ko kuka zan yi.

Ciwon ƙirji ne ya dawo da shi gida, furfura ta gama kansa. Na ɗauki hutu na zo taya matarsa jinya. Baba na zuwa kullum da safe, ya tsaya a bakin ƙofa. “Metir, ya jiki?” “Da sauƙi, Yaya.” “Allah shi ƙara sauƙi.” Ya juya. Wata safiya bayan ya fita, Kawu ya kama hannuna, hannun nan dai da ya taɓa rufewa a kan ƙanƙara, ya ce, “Ɗiyata, dubi wada nir rame. Kunnuwa kaɗai sunka saura. Wanga abin dariya duka, babanki shina gani, ya ƙi cewa komi.” Ya yi murmushi, amma idonsa ya cika. “Sau guda nika so shi zage ni.” Na fita na sami Baba a gindin dogon yaro na gaya masa. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, “Gobe.” Kawu bai kai goben ba.

Ranar sadakar uku zafi ya kai inda ya kai. Direban nan mai dariya, wanda yana cikin yaran da suka sha ruwan randar Kaka, ya tafi Madawa da asuba ya dawo da ƙaton dunƙulen ƙanƙara, ya ce sadakarsa ke nan, masu gaisuwa su sha ruwan sanyi. Samari suka zare ta daga buhu, suka fasa gefe suka zuba a randuna. Sauran suka bar ta a buɗe kan faranti a ƙofar gida, suka tafi rabon ruwa. Inuwa ta janye. Tana ta zuba, ruwa na bin ƙasa har gefen tabarmar dattawa.

Ina bayan zana, na buɗe baki zan yi wa samarin magana, sai na ga Baba ya daina jan carbi. Ya kalli ƙanƙarar. Ya dafa ƙasa ya miƙe da ƙyar, don gwiwoyinsa sun daɗe da gajiya. Ya je ya tsaya a kanta. Ya sa tafin hannu ya dafa, ya bar shi a kai, ya ɗaga ya kalli ruwan da ke bin yatsunsa. Sannan ya tuɓe babbar rigarsa a gaban Liman da baƙi, ya ninka ta biyu, ya durƙusa ya lulluɓe dunƙulen, yana cusa gefe-gefe kamar mai rufe jariri.

Wani dattijo ya ce, “Malam, lahiya? Ka ruhe ta, ai sai ta narke.”

Baba bai ɗago ba. Ya ce, “Ba ta narkewa. Riga ba ta da wuta.” Ya ƙara cusa gefen rigar. “Yaron Akwati yah hwaɗi. Ɗan banza mai kunnuwa, da wandonai kamar na aro. Gobe nic ce, gobe kaɗai, ya tahi bai jira ni ba.”

A bayana na ji Inna ta yi wani sauti, dariya ce ko kuka ban sani ba, ta zauna daɓas a ƙasa, ƙwaryar hannunta ta gangara. Sai a lokacin hawayenta suka zo. Baba ya zauna a wurin, daga shi sai 'yar ciki, hannunsa a kan rigar, yana ta zagin Kawu ƙasa-ƙasa, ƙafafunsa, tafiyarsa, aski da ya taɓa yi, duk abin da ya tara shekara da shekaru. Ba wanda ya hana shi.

Kawu, ban sani ba ko ana ji a can. In ana ji, to ka ji da kunnuwan nan naka. Allah ya jiƙanka, ya sanyaya makwancinka, ya haɗa ku wuri ɗaya ku ƙarasa wasanku. Ƙanƙarar ta kai har bayan la'asar, kowa ya sha.